Kwaɗo ɗaya ya isa shantiyen da ƙungiya uku ke aiki a kan 20 kV?

Ɗan_Gamkalle: Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan kuran, wato wutar lantarki. Ina neman shawara kafin ranar Asabar. Wata masana'anta ce a nan Yamai za a canza wa taransfo, a fitar da 400 kVA a sa 630 kVA, a kuma ja sabon kabul na 20 kV daga selul ɗin kariya (akwatin makunnin babbar wuta) zuwa taransfon. Ƙungiya uku za su shiga rana guda: masu kuran, magina da za su faɗaɗa ramin kabul da ƙofar ɗakin, sai masu sola da ke ƙara faranti a rufin sito. Gidan yana da gurup (janareto) 250 kVA mai tashi da kansa. Mai masana'anta ya ce kwaɗo ɗaya na shugaban konsinyasiyon (mai kashe wuta ya kulle ta kafin aiki) a kan selul ya wadatar, tunda akwai takarda da sa hannu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kwaɗo ɗaya ya isa, ko kowa sai ya sa nasa?

TsohonPoste: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye lissafin kwaɗo tukuna, ka fara ƙirga ƙofofin da wuta za ta iya shigowa ta cikinsu. Daga bayaninka kaɗai na ga uku: layin NIGELEC (kamfanin wutar Nijar), gurup, da sola. In ka zagaya gidan za ka iske ta huɗu, ondular (na'urar da ke mayar da wutar batir ko ta sola irin ta gida) mai batir da ke riƙe kwamfutocin ofis, da ta biyar, akwatin kondansatar (na'ura mai riƙe caji) da ake sawa kusa da babban tablo, wato allon rarraba wutar gidan. Kwaɗon da ke kan selul ƙofa ɗaya tak ya rufe.

Taransfo bai san gaba da baya ba. Ka ba shi 20,000 V ya ba ka 400, ka ba shi 400 ta gefen ƙaramar wuta ya mayar maka da 20,000 a kan kabul ɗin da yaranka ke riƙe da hannu. Ba sai babban gurup ba. Ƙaramin inji na 230 V da aka jona tsakanin layi ɗaya da nutur (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) yana iya tayar da dubban bolt a ɗaya gefen. Kar wani ya ce ai ba shi da ƙarfin ɗaukar lodi: abin da ke rikita bugun zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na ampiya ba, shi ya sa ake sa dijonktar (makunni mai yanke wuta da kansa) na 30 mA a gidaje.

Ɗalibi_Lantarki: Baba, a gafarce ni, ba anbersar, mai sauya gida tsakanin layi da gurup, ke hana wannan ba? An koya mana cewa gurup da layi ba sa haɗuwa saboda shi.

MaiGurup: Aikinsa ke nan, in lafiyarsa ƙalau. Amma anbersar mai aiki da kansa ba wurin killace wuta ba ne. Kontaktar (makunnin da wuta ke sarrafawa) biyu ne ko makunni mai mota, kwakwalwar gurup ke ba shi umarni. Bakin kontaktar yana iya narkewa ya manne, ƙarfen da ke hana biyun rufuwa tare yana iya karyewa, kuma akwai gidajen da wani mai gyara ya taɓa yin gada da waya ya tsallake shi ranar da ya lalace, aka manta. Ba a jingina ran mutum a kansa.

Killace gurup kuwa ba danna jan maɓalli ba ne kawai. A mayar da shi kan tsayawa, a buɗe dijonktar ɗin fitarsa a sa kwaɗo, a cire kan batir, na baƙi da farko, a kashe cajar batirin da mai ɗumama ruwa domin su daga tablon gidan suke ci. In an bar shi a kan otomatik, da zarar kun buɗe selul zai ɗauka an ɗauke wuta ne, cikin ƴan daƙiƙu ya tashi.

Hajiya_Kariya: Sannunku da aiki. Bari in jera matakan yadda ƙa'idar Faransa NF C 18-510 ta tsara su, tunda ita yawancinmu muka karanta, don muhawarar ta tsaya a kan ƙafa ɗaya. Na farko a raba wurin aiki da duk wata hanyar wuta. Na biyu a kulle abin da aka buɗe, da kwaɗo da allon gargaɗi. Na uku a tantance cewa abin da za a taɓa shi ne wanda aka raba. Na huɗu a gwada da VAT, na'urar tabbatar da rashin wuta, a kan kowane layi, kuma a gwada VAT ɗin kansa kafin da bayan. Na biyar, nan take, a ɗaure layukan uku da ƙasa a haɗa su da juna.

A wannan tsarin mai HC, wato shugaban konsinyasiyon, ne ke kullewa, ya ba kowane shugaban aiki mai H2 (izinin jagorantar aiki a babbar wuta) takardar shaida. Ba a mayar da wuta sai kowane shugaba ya dawo da takardar ƙare aiki da sa hannunsa. Saboda haka mai masana'antar bai yi ƙarya ba, a kan takarda kwaɗon mai HC ya isa ga kowace ƙofa. Sai dai tsarin yana ɗauka cewa kowa ya iya karanta takardar kuma kowa yana girmama ta. A shantiyen da lebura biyar cikin magina yau ne ranarsu ta farko, ni ban yarda da wannan ɗaukar ba. Ra'ayina: akwatin lakile, wato mabuɗai. Mai HC ya kulle duk ƙofofin, ya zuba lakilen a akwati ɗaya, kowane mai aiki ya rataya kwaɗonsa a bakin akwatin. Muddin saura kwaɗo ɗaya, ba mai fitar da lakile.

TsohonPoste: Hajiya, akwatin na yarda da shi, amma kowane mutum? Mutum ashirin, kwaɗo ashirin. Da La'asar mutum uku sun tafi da lakile a aljihu, ɗaya ya yar da nasa a cikin siminti. Ƙarshenta a kawo almakashin ƙarfe a yanke, kuma ranar da ma'aikata suka ga ana yanke kwaɗo ba wata tuhuma, daga ranar ya zama ado. Ni kwaɗo uku nake gani: na shugaban kowace ƙungiya, shi kuma ya riƙe jerin sunayen mutanensa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya kafin ya cire.

Hajiya_Kariya: Baba, wanda ke cikin rami bayan katanga ba ya jin kiran suna. Kuma shugaban ƙungiya shi ne wanda maigida ke kira a waya yana matsa masa.

Ba'adare66: Salamu alaikum daga Tawa. Ku bari in jefa wani abu da ba a taɓo ba, wanda ni a ganina ya hi maganar kwaɗo haɗari a ƙasarmu. Ɗaukewar wuta. Lokacin zahi, Afrilu da Mayu, ana iya ɗauke unguwa gaba ɗai. Mutum ya buɗe selul ɗin da ba shi ba, ko ya hau poton da ba shi ba, ya sa VAT, VAT ya yi shiru. Shina murna ya killace, alhali ba shi ya kashe ba, layin ne duka babu wuta. Minti ashirin sai a maido. VAT bai yi ƙarya ba, abin da anka tambaye shi ya amsa: yanzu babu. Bai ce ba ta dawowa.

Don haka in kunka iske an ɗauke wuta lokacin da za ku killace, gwajin wanga ba shi da nauyi. Abin da ya hi shi ne a ga wuta kahin a buɗe, a buɗe, a ga ta tahi. In ba a samu haka ba, sai a ƙara ƙarhi ga tantancewa, a bi kabul da ido da zane, kuma kar kowa ya taɓa komi sai ɗaurin ƙasa ya zauna.

Ɗan_Gamkalle: Malam Ba'adare, wannan ya shige ni. Asabar da safe muke shirin buɗewa, kuma ba abin mamaki ba ne mu iske babu wuta.

MaiKabul: Tunda an zo kan VAT, a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Ƙananan fitilu uku da ke gaban selul ba VAT ba ne. In suna walƙiya, akwai wuta, wannan tabbas ne. In sun mutu, ko babu wuta ko fitilar ce ta mutu. Akwai irin da aka ƙera don tabbatar da rashin wuta, amma sai ka duba takardar selul ɗinka, kar ka ɗauka. Kuma VAT na 400 V ba ya aiki a 20 kV, na 20 kV ba ya ganin 400 V. Kowanne da iyakar da aka rubuta a jikinsa. Multimita da sukurdireba mai fitila ba sa cikin lissafi ko kaɗan.

Sai abin da ya shafi aikinka kai tsaye, Ɗan_Gamkalle. Makunnin ƙasa na cikin selul yana kare ka ne muddin tsohon kabul yana haɗe. Da kun kwance kansa ko kun yanke shi, taransfon ya rabu da wannan ƙasar, ya koma yana kallon gefen 400 V kawai, inda gurup da sola suke. Dole a sa ɗaurin ƙasa na hannu a gefen ƙaramar wuta, tsakanin taransfo da babban dijonktar, tun kafin a taɓa kabul. Wurin aiki ya zama yana tsakanin ƙasa biyu, kuma aƙalla ɗaya ma'aikaci yana ganinta da idonsa daga inda yake tsaye.

Wajen ɗaurawa, maƙalin ƙasa ake fara dannewa a kan sandar ƙasa ta ɗakin, a kankare fenti da tsatsa, sannan a ɗora na layuka da persh, sandar da ba ta ɗaukar wuta. Wajen cirewa a juya: layuka da farko, ƙasa a ƙarshe. Wanda ya fara da layi, in akwai saura wuta, shi ne ya zama hanyar ƙasa. Kaurin wayar ɗaurin kuma ba a zaɓensa da ido. A gefen 400 V na taransfo 630 kVA wutar gajeren haɗi tana haura ampiya dubu ashirin, siririyar waya za ta tsinke ta yi bulala.

Ɗalibi_Lantarki: To in selul yana da lakile masu bin juna fa? Wanda sai ka buɗe dijonktar na gefen 400 V ka sami lakilen rufe makunnin ƙasa, shi kuma ya sakar maka na buɗe kan taransfo. Ba shi ke nan ba?

TsohonPoste: Tsari ne mai kyau, yana tilasta maka bin jeri. Amma abu biyu. In an taɓa yin kwafin lakilen, kuma sau da yawa akwai na biyu a aljihun teburin wani, tsarin ya rushe. Sannan ba ya sanin mutum nawa ke cikin rami. Yana hana kuskuren hannu, ba ya hana a mayar da wuta a kan mutane.

Kuma yaro, ka riƙe wannan: ka buɗe selul ɗin kariya, ka rufe ƙasarsa, sandunan tagulla da ke ratsa saman selul ɗin suna nan da 20 kV. Kan kabul ɗin shigowa ma haka, in poste ɗin, wato ɗakin taransfo da selul, yana kan zobe wuta tana zuwa masa ta ɓangare biyu. Selul ɗin shigowa a al'ada mai rarraba wuta ne ke sarrafa su, ba ku ba. In aikin zai kai ku kusa da sandunan, sai an nemi NIGELEC tun da wuri a rubuce, su raba su kulle nasu gefen, su ba da takarda, ku kuma ku ƙarasa tantancewa da gwaji da ɗaurin ƙasa. Wannan ba abin da ake nema ranar Juma'a da yamma ba ne.

Ɗan_Gamkalle: Na gode, Baba. Ga wani sabon zance. Yanzu maigidan ya kira, ya ce akwai ɗakin sanyi cike da kaya, ba zai yini babu wuta ba. Yana so gurup ya riƙa aiki duk tsawon lokacin.

MaiGurup: To an zo wurin. Ana iya yi, amma duk abin da na faɗa a sama ya canza. Yanzu tablon gidan zai kasance da wuta, kuma abin da ke tsakanin gurup da yaranka shi ne babban dijonktar na gefen taransfo. In irin mai zarewa ne, a zaro shi har matsayin rabuwa, a kulle murfin ramin. In kafaffe ne, kwaɗo a kan hannunsa bai gamsar da ni ba ga aikin yini guda da gurup yana ruri. A tsayar da gurup na awa ɗaya da safe, a killace komai, a kwance kabul ɗin taransfo daga bakin dijonktar gaba ɗaya, a rufe bakin da abin rufewa mai hana wuta, a ɗaure kabul ɗin da ƙasa, sannan a tayar da gurup. Ɗakin sanyi da ba a buɗe ƙofarsa ba awa ɗaya ba ta yi masa komai. Tunda za ku ƙara girman taransfo, daga kusan ampiya 580 zuwa kusan 910, wataƙila ma dole ku canza waɗannan kabul ɗin da dijonktar ɗin.

A duba nutur kuma. In anbersar mai ƙafa uku ne, nutur ɗin gurup da na taransfo a haɗe suke ko an buɗe. Kuma in nutur ɗin gidan a wurin taransfo kaɗai aka ɗaure shi da ƙasa, kuna kwance shi gurup zai koma aiki ba shi da ƙasa, kariyar gidan ta daina gani.

Sola_Yantala: Ƙari a kan na MaiGurup. Mutane suna cewa ondular ɗin sola mai bin layi yana kashe kansa in an ɗauke wuta. Gaskiya ne. Amma da gurup ya tashi zai ga 400 V da 50 Hz, ya ɗauka layi ya dawo, ya kama turawa. In lodin gidan ya yi kaɗan ranar Asabar sai ya tura wa gurup ɗin baya. Mai batir kuwa ba ya jiran kowa, shi ke ƙirƙirar wutarsa. Don haka a buɗe gefen AC mai zuwa tablo a kulle, a buɗe gefen DC mai zuwa daga faranti a kulle, lakile su shiga akwati.

Faranti kuma ba su da makunni. Rana na fitowa jeri ɗaya yana iya kaiwa kusa da 1,000 V. Ba a zare maɗaurin MC4 na wayoyin faranti wuta na gudana, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa kamar na AC, yana ja ne ya ci roba. Kuma bayan an kashe ondular a jira mintunan da aka rubuta a jikinsa kafin a buɗe murfi.

Ni da za a ji tawa, a ɗage aikin sola zuwa wata rana. Ba abin da ya haɗa su da canjin taransfo sai son a gama komai Asabar ɗaya.

Hajiya_Kariya: Wannan ita ce shawara mafi arha da aka bayar tun safe.

Magini_Talladje: Ku yi haƙuri, ni ba mai kuran ba ne, shugaban magina ne. Duk wannan bayani da faransanci ake rubuta shi a manna a ƙofa. Leburorinmu wani Zabarmanci yake ji, wani Hausa, wani bai yi lakwal ba. Abin da muke buƙata a nuna mana da hannu: nan ku tona, nan kar ku wuce. A ja jan ƙyalle, ba a ce "ku yi hankali" ba.

MaiKabul: Maganarka dutse, shef. Kuma ramin naku ya fi ɗakin taransfo ba ni tsoro. Kabul ɗin 20 kV ana binne shi wajen santimita 80, da jan raga a samansa don mai tona ya gani ya tsaya, amma tsofaffin ayyuka ba duka ke da ragar ba, kuma ƙasa tana ƙaruwa ko ta zaizaye. In kabul ɗin shigowa ya bi rami ɗaya da wanda za a cire, to akwai mai wuta kwance gefen matacce, kamarsu ɗaya. Kusa da kabul a ajiye diga, a koma shebur da hannu, mai kuran yana tsaye. Kuma ba a yanke kabul a tsakiyar rami don an bi shi da ido. VAT ba ya ji ta cikin sulken kabul. Sai an tantance da na'ura, sannan a soke shi da abin sokewa da ake sarrafawa daga nesa. In kuskure aka yi, ƙarfe ne zai ci wutar.

Ba'adare66: A kan layin sama abin ya ɗan bambanta, bari in ƙara don masu aikin karkara. Wajen Galmi da Konni masu lambun albasa da yawa suna da injin ban ruwa da sola, ba ka san wanda ya jona mi ba. Sannan layin da ya yi tahiya mai nisa gehen wani mai wuta shina ɗaukar wuta ta iska ko an buɗe shi kai biyu. Sai kuma ƙasarmu: rairayi busasshe lokacin rani, ka kafa sandar ƙasa ta shiga kamar cikin gari, ba ta riƙe komi. Shi ya sa haɗa layukan uku da juna da kuma jikin poton da mutum ke kai ya hi muhimmanci, don hannunsa da ƙahwarsa su zama a matsayi guda. Da damina kuwa, in anka ji tsawa ko anka ga walƙiya, a sauko, ko hadarin na nesa. Layi shina kawo ta daga inda ba ka gani.

Ɗalibi_Lantarki: Tazara fa? Motar ɗaga kaya za ta zo sauke taransfon, na san akwai layin sama a yawancin titunan wurin.

Hajiya_Kariya: Ga mota da duk wanda ba ma'aikacin kuran ba, mita 3 daga layin da bai wuce 50 kV ba, mita 5 in ya wuce, kamar 66 kV ko 132 kV irin wanda ke zuwa daga Birnin Kebbi. A lissafa da lilon kaya da tsawon hannun motar, a sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon layin. Santimita 60 da kuke ji a 20 kV iyaka ce ta ƙarshe ga mai horo, ba wurin tsayawa ba ne. In hannun mota ya taɓa layi, direba ya zauna a ciki, na ƙasa kar su matso, domin ƙasar da ke kewaye tana da wuta kuma taku mai faɗi yana sa ta bi ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya.

Safar hannu: aji 3 ga 20 kV, iyakarta 26,500 V. Aji 2 a 17,000 ta tsaya, ba ta isa ba. Masu 33 kV sai aji 4. A hura ta a murɗe a saurari iska kafin kowane amfani, a duba ranar gwajinta, kar ta wuce wata shida. Wadda ta yi wata tana kwance a bayan mota cikin zafin Yamai ku duba ta sau biyu. Persh kuma a goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle, ƙura da raɓa in sun haɗu hanya ce.

TsohonPoste: Mu koma kan tambayar yaron, don an yi nisa. Ko kwaɗo uku ko ashirin, akwai lokuta biyu da ake samun matsala, kuma ba a ambace su ba. Na farko bayan hutu. An tafi sallar Azahar da cin abinci, ɗakin ya zauna ba kowa. Kafin a koma, shugaban aiki ya zagaya ya ga kowane kwaɗo da kowane ɗaurin ƙasa da idonsa. Mai gadi ko mai kula da ɗakin sanyi yana iya taɓa abu da kyakkyawar niyya.

Na biyu lokacin gwaji. Sabon kabul sai an auna shi da mega (na'urar gwada ingancin rufin kabul), 5,000 V ko fiye, kuma ba a aunawa da ɗaurin ƙasa a jiki. Ke nan da hannunku za ku cire kariyar ku sa wuta. A nan dole aiki ya tsaya, a karɓe takardun kowa, a fitar da magina, a tsayar da mutum a ɗaya kan kabul ɗin. Bayan gwaji kabul yana riƙe caji, a sauke shi a bar shi ɗaure da ƙasa, littattafan na'urori da yawa suna cewa ninki huɗu na lokacin gwajin. In za a ci gaba da aiki, sabuwar takarda. Akwatin kondansatar shi ma a ba shi mintunansa, a gwada, kar a dogara da cewa yana sauke kansa.

Kuma har abada ba a yin alkawarin lokaci. "Ƙarfe biyar ku mayar, mun gama kafin nan" ya kashe mutane. In ta waya za a ba da saƙo, mai karɓa ya rubuta, ya maimaita kalma da kalma, mai bayarwa ya ce haka ne.

Hajiya_Kariya: A nan ba mu da saɓani, Baba. Kuma damuwarka ta yanke kwaɗo tana da magani: a rubuta tun da safe wa ke da ikon yankewa, mutum ɗaya. Sai an kira mai kwaɗon an ji muryarsa, an zagaya an ga ba ya wurin, shugabansa ya sa hannu, kuma an sanar da shi kafin ya sake shigowa. In yankewa tana da wahala haka, mutane za su daina tafiya da lakile.

A tanadi sandar janye mutum a ƙofar ɗakin, lambar ƴan kwana-kwana 18, da wanda ya iya danna ƙirji, 30 da hura 2. Wanda wuta ta taɓa a kai shi asibiti ko ya ce lafiyarsa lau, ƙunar babbar wuta a ciki take.

Magini_Talladje: Hajiya, wa zai sayi kwaɗon leburori? In aka ce mu, ba ya cikin kuɗin da muka yi ciniki.

Ɗan_Gamkalle: Zan sa shi a lissafin maigida, shef, bai kai kuɗin man gurup na yinin ba. Ga inda na tsaya: masu sola sun koma mako mai zuwa, za a kwance kabul ɗin 400 V da safe kamar yadda MaiGurup ya ce, akwati ɗaya, masu kuran kowa da kwaɗonsa. Magina ne ban yanke ba tukuna.

TsohonPoste: Magina kwaɗon shugabansu ya isa, in dai ka fitar da su gaba ɗaya ka rufe ƙofa kafin gwaji.

Hajiya_Kariya: Ni ban sauka daga kan tawa ba. Duk wanda ƙafarsa za ta shiga ramin kabul, da kwaɗonsa.

MaiGurup: Ku ci gaba, amma Ɗan_Gamkalle, kafin ku kwance tsohon taransfo ku auna jerin juyawar layuka ku rubuta a jikin tablo. In sabon ya zo a juye, kwampresan ɗakin sanyi zai juya baya, kuma anbersar zai riƙa sauya gidan tsakanin juyi biyu. Wa ke da na'urar aunawa a cikinku?